Rumbu ɗaya, ƙofa uku: jagorar ƙwaƙwalwar tarayya a Linux, Windows da macOS

Da kakar bara wani Alhaji mai sayen wake da aya, wanda ma'ajinsa ke kusa da babbar kasuwar Maraɗi, ya ba ni aikin haɗa sikelinsa da kwamfuta. Abu uku yake so. Nauyin buhu ya fito a babban allo yadda manomin da ya kawo kaya zai gani da idonsa, kamara ta ɗauki hoton kowane buhu yana bisa sikeli, sannan magatakarda ya fitar da rasit. Aiki uku, manhaja uku, amma sikelin waya ɗaya gare shi, kuma a Windows idan manhaja ɗaya ta buɗe kafar wannan waya, ta biyu ba ta shiga. Dole ɗaya ta karanta, ta miƙa wa sauran.

Da nauyin ne kaɗai, da soket, wato kafar da manhaja ke aika wa wata saƙo ta cikinta, ya ishe ni, kuma shi nake ba kowa shawara ya fara gwadawa. Hoton ne ya canza lissafi. Hoto ɗaya mai faɗin ɗigo 1920 da tsayin 1080, kowane ɗigo bayit 3, ya kai bayit 6,220,800. Sau 25 a daƙiƙa, ka haura megabayit 150. Kwashe wannan daga shiri zuwa shiri kowace daƙiƙa yana cinye ƙarfin ƙaramar kwamfuta. A nan ƙwaƙwalwar tarayya ke da amfani: a ajiye kayan wuri ɗaya, kowa ya leƙa.

Bari mu daidaita kalmomi. Manhaja tana kwance a faifai. Idan aka kunna ta, ta zama shiri mai gudana, zan riƙa cewa shiri kawai. Uwar manhaja, wato Linux ko Windows ko macOS, tana ba kowane shiri nasa fili a cikin RAM, ta kewaye shi da danga. Adireshin da shiri ke gani ba na gaske ba ne, uwar manhaja ce ke riƙe da jadawalin da ke fassara shi zuwa ainihin shafin ƙwaƙwalwa. Ƙwaƙwalwar tarayya ba wani sihiri ba ce: shafi ɗaya ne aka rubuta a jadawalin shiri biyu ko fiye. Kamar rumbun gida ne da aka yi wa ƙofa daga sashen kowane magidanci.

Kafin komai, iyakar abin

Ɗaliban Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo da ke leƙowa shagona sun sha tambayata ko kwamfuta mai Windows za ta iya tarayyar ƙwaƙwalwa da wata mai Linux da ke kan tebur na gaba. A'a. Abin yana aiki ne cikin inji ɗaya, ƙarƙashin uwar manhaja ɗaya. Inji biyu sai ta hanyar sadarwa. Ko WSL2, da ke sa Linux cikin Windows, kwamfuta ce ta kwaikwayo mai tata zuciyar, don haka abin da ka ƙirƙira a cikinta shirin Windows ba ya ganinsa da sunansa. QEMU, manhajar gudanar da kwamfutar kwaikwayo, na da wata na'ura mai suna ivshmem da ke buɗe taga tsakanin inji da baƙonsa, amma wannan wani fage ne. Abin da za mu yi a nan shi ne rubuta aiki sau ɗaya yadda zai gudana daidai a kowace uwar manhaja. A wurin Alhaji kwamfutar ofis Windows ce, ta ma'aji na biyu Raspberry Pi ce mai Linux, ɗansa kuma Mac yake riƙe da ita.

Mataki na farko: zana rumbun a takarda

Kada ka taɓa madannai tukuna. Ɗauki biro ka rubuta abin da zai zauna a kowane bayit. Nawa haka yake: bayit 4 na farko lambar shaida, wadda ke nuna cewa wannan rumbun namu ne kuma an gama shirya shi; 4 na gaba lambar zubi, wadda nake ƙarawa duk ranar da na canza tsarin; bayit 8 na girman rumbun gaba ɗaya; sai maƙirga, sai lokacin rubutu na ƙarshe, sai nauyi, sai sunan mai kaya, sai hoton.

A nan mafi yawan mutane ke zamewa, don haka zan daɗe kaɗan.

Kada ka yi amfani da long. A Windows mai bit 64 bayit 4 ne, a Linux da macOS masu bit 64 bayit 8 ne. Ɗauki masu tsayayyen girma daga stdint.h, irin su uint32_t da int64_t. Haka wchar_t, bayit 2 ne a Windows, 4 a Linux. Rubuta sunaye da UTF-8 cikin fili mai iyaka, kuma ka tuna haruffanmu masu lanƙwasa, ƙ da ɗ da ɓ da ƴ, kowanne bayit 2 yake ci. Filin bayit 64 ba harafi 64 ba ne idan mai kaya Ɗanlami ne daga Tibiri. In za ka datse suna, kada ka datse a tsakiyar harafi. Nauyi kuwa, ajiye shi da giram a cikakkiyar lamba, kada ka sa mai ɗigo. Kuɗin mutane ne a kai.

Maharhaɗi, wato manhajar da ke mayar da rubutunka yaren inji, yana cusa ciko tsakanin filaye don kowanne ya zauna a daidai gurbinsa. Jera filayenka yadda mai bayit 8 zai fara a lambar da 8 ke rabawa, sannan ka sa static_assert a kan girman tsarin, don ranar da wani ya taɓa shi harhaɗawa ta tsaya.

Babbar doka: kada manuni, wato lambar da ke riƙe da adireshin wani abu a ƙwaƙwalwa, ya shiga rumbu. Shafi ɗaya ne, amma kowane shiri a adireshi dabam yake ganinsa. Idan shirin sikeli ya ajiye manuni zuwa hoton, a wurin shirin allo wannan lamba ba ta nufin komai. Kamar ka ce wa baƙo gidan yana hannun dama, alhali shi daga Zariya ya taso kai daga Sabon Gari. Ajiye tazara: hoton yana bayit 4096 daga bakin rumbu. Kowa ya ƙara tazarar a kan nasa adireshin farko. Wannan ne ya sa std::string da std::vector ba sa zama a ciki, domin cikinsu manuni ne.

Mataki na biyu: waye mai rumbu

Shiri ɗaya ne ke ƙirƙira, shi kaɗai ke rushewa. Saura baƙi ne, su buɗe, su rufe tasu ƙofar. Rubuta wannan a saman fayil da manyan baƙi. A wurina shirin sikeli ne maigida.

Zaɓi gajeren suna. macOS ba ta karɓar sunan da ya wuce harafi 31, don haka wannan ce iyakarka ko'ina. A Linux da macOS sunan yana farawa da karkatacciyar sanda guda, ba wata a tsakiya: /sikeli1. Lambar ƙarshen ita ce zubin tsarin. Ranar da na canza tsari, suna ya koma /sikeli2, tsohon shiri ba zai faɗa sabon rumbu ba.

Mataki na uku: Linux

Kira huɗu ne.

fd = shm_open("/sikeli1", O_CREAT | O_EXCL | O_RDWR, 0660);
ftruncate(fd, girma);
p = mmap(NULL, girma, PROT_READ | PROT_WRITE, MAP_SHARED, fd, 0);
close(fd);

Na farko ya ƙirƙiri sunan. O_EXCL ya sa kiran ya faɗi da EEXIST idan akwai tsoho, kuma kana son ka sani. Na biyu ya ba shi girma, domin sabon rumbu da bayit sifiri yake zuwa. Wanda ya manta da shi, mmap ba zai yi masa gardama ba, sai ya taɓa bayit na farko shirin ya mutu da SIGBUS. Na uku ya shimfiɗa shi a filin shirinka; MAP_SHARED ne, in ka sa MAP_PRIVATE abin da ka rubuta naka ne kai kaɗai. Bayan nan ka iya rufe fd, shimfiɗar tana nan. Baƙo zai kira shm_open ba tare da O_CREAT ba, kuma in karatu kawai yake yi, ba shi O_RDONLY da PROT_READ. Allon nuni ba shi da hurumin canza nauyi.

Daɗin Linux shi ne kana ganin abin da ido. Duba /dev/shm, za ka tarar da sikeli1 kamar kowane fayil. Wurin tmpfs ne, wato ma'ajiyar fayil da ke zaune cikin RAM, bisa al'ada iyakarsa rabin RAM. Cikin Docker kuwa, manhajar da ke killace shiri a akwatinsa, megabayit 64 kaɗai ake ba shi sai in ka ƙara da --shm-size, hoto goma sha ɗaya sun cika shi. Idan maharhaɗi ya ce bai san shm_open ba, glibc ɗinka, ɗakin karatun C na Linux, bai kai zubi na 2.34 ba, ƙara -lrt.

Rumbun Linux ba ya mutuwa da mutuwar mai shi. Yana nan har a kira shm_unlink ko a sake kunna inji. Saboda haka idan maigida ya tashi ya tarar da EEXIST, ya goge tsohon ya gina sabo. Wani abu kuma: systemd, mai kula da hidimomin Linux, ta saitin RemoveIPC, yana share irin waɗannan rumbuna idan mai asusun ya fita gaba ɗaya. Shirin da zai kwana yana aiki, ba shi asusun tsari nasa.

Za ka gamu da tsohuwar hanya ta System V, mai shmget da shmat, wadda ake dubawa da ipcs a share da ipcrm. Ka san ta don gyaran tsohon aiki. Sabo kada ka fara da ita.

macOS, a gurguje

Kiran iri ɗaya ne, halin ne dabam. Babu /dev/shm, ba ka ganin komai. ftruncate sau ɗaya yake yiwuwa a kan rumbu, na biyu ya faɗi, don haka ka yanke girma tun farko. Shafin ƙwaƙwalwa a sababbin Mac masu injin Apple kilobayit 16 ne, ba 4 ba, kuma girman da aka ba ka ana cike shi zuwa shafi. Shi ya sa na ce ka rubuta girman gaskiya a kan rumbu, kada ka dogara da abin da fstat ya faɗa. sem_init ma ba ya aiki a can, sai sem_open mai suna.

Mataki na huɗu: Windows

h = CreateFileMapping(INVALID_HANDLE_VALUE, NULL, PAGE_READWRITE, 0, girma, suna);
p = MapViewOfFile(h, FILE_MAP_ALL_ACCESS, 0, 0, girma);

INVALID_HANDLE_VALUE na nufin ba fayil ɗinka ke bayan rumbun ba, fayil ɗin musanyar tsari ne. Girma ya rabu biyu, rabin sama da rabin ƙasa, kowanne bit 32. In bai kai gigabayit 4 ba na sama sifiri ne. Baƙo zai shiga da OpenFileMapping. Fita kuma UnmapViewOfFile sannan CloseHandle.

Lura da wannan da kyau. Idan sunan yana nan tun da, CreateFileMapping ba ya faɗuwa. Sai ya miƙo maka tsohon, da tsohon girmansa, ba wanda ka nema ba. Dole ka kira GetLastError nan take, in ka ga ERROR_ALREADY_EXISTS, lamba 183, ka san ba sabo ka samu ba.

Rayuwar rumbu a Windows akasin ta Linux ce. Babu kiran gogewa sam. Muddin akwai mai riƙe da shi yana nan, na ƙarshe na saki ya ɓace. Wato a Linux damuwarka tsohon rumbu da ya ƙi tafiya, a Windows kuma rumbun da ya tafi ba sallama, ko wanda baƙo ya riƙe har maigida ya kasa gina sabo. Tsarin da zai zauna lafiya a duka biyun shi ne wanda bai dogara da ko ɗaya ba: kada ka ɗauka abin da ka bari za ka tarar, kada kuma ka ɗauka abin da ka tarar sabo ne.

Sai maganar Local da Global a gaban suna. Idan duk shirye-shiryen mutum ɗaya ne ya kunna su a zamansa, Local ya isa. Amma tun daga Windows Vista, hidimomin da ke tashi da inji suna zaune a zama na 0, ware da na mai amfani. In shirin sikeli hidima ne, sai ya yi Global, kuma ya ba da izini a fili, in ba haka ba magatakarda zai sha kuskure mai lamba 5, an hana shiga.

Yanzu ka naɗe duk wannan cikin ayyuka huɗu naka: ƙirƙira, buɗe, rufe, goge. Fayil ɗaya na Windows, ɗaya na sauran biyun. Sauran manhajar kada ta san inda take.

Mataki na biyar: kada a ɗebi hatsi ana cikin zubawa

Uwar manhaja ta ba ka wuri, ba ta ba ka layi ba. Mai karatu na iya ɗaukar sabon nauyi da tsohon suna.

Fara da lokacin haihuwa. Tsakanin shm_open da ftruncate baƙo na iya shigowa ya tarar da girma sifiri. Ya duba, ya jira, ya sake. Sabon rumbu a duka ukun cike yake da sifiri, don haka maigida ya rubuta lambar shaida a ƙarshen ƙarshe. Baƙon da bai ga shaida ba bai ga rumbu ba.

Kwaɗo, wanda ke barin shiri ɗaya kaɗai ya taɓa rumbu a lokaci guda, shi ne abin da kowa ke fara tunani. A Linux pthread_mutex ne da aka saita PTHREAD_PROCESS_SHARED, yana zaune cikin rumbun. A Windows CreateMutex ne mai suna. Tambayar ita ce, in mai riƙe da makulli ya mutu fa? Windows na sanar da na gaba da WAIT_ABANDONED. Linux na yin haka da EOWNERDEAD in ka saita kwaɗon da pthread_mutexattr_setrobust. macOS ba ta da wannan, na gaba sai ya yi ta jira.

Don haka inda marubuci ɗaya ne, na fi son maƙirga. Kafin ya fara rubutu ya ƙara ɗaya, lambar ta zama mara; ya gama ya ƙara ɗaya, ta koma cika. Mai karatu ya duba: in mara ce ya dakata, in cika ce ya kwafi abin da yake so, ya sake duba lambar. Ta canza, ya zubar ya sake. Ba wanda ke tsare wani, kuma mutuwar allo ba ta tsayar da sikeli. Sharaɗi guda: maƙirgar ta zama std::atomic ko irinta ta C11, da tsarin jeri na release da acquire. volatile bai isa ba. Injin Intel yakan rufa wa wannan kuskure asiri, amma ARM na Raspberry Pi da na sababbin Mac yana da ƴancin sauya jerin rubutu, a can abin zai tonu, kuma sau ɗaya cikin dubbai. Ga hoto, yi gurbi uku ana zagayawa, kowanne da maƙirgarsa.

Wanda bai son gina wannan da hannu, Boost.Interprocess na da shi har da offset_ptr mai maganin manuni, Qt na da QSharedMemory. Python tun zubi na 3.8, a 2019, yana da multiprocessing.shared_memory, inda sunan sikeli1 yake daidai da /sikeli1 na C.

A nan na ƙone. Wata ranar kasuwa Alhaji ya kira ni da hantsi.

"Malam, zo ka gani. Allo ya kafe a kilo 98, an sauke buhu uku bai motsa ba."

"Ranka ya daɗe, a dakatar da awo, ga ni nan."

Na tarar da wani dattijo daga wajen Madarunfa zaune bisa buhunsa, hularsa a gwiwa, yana kallon allon bai ce uffan ba. Buhunsa ya fi haka, ya sani, amma allo ya ce 98. Abin da ya faru: a Linux, Python na ɗaukar duk rumbun da shiri ya buɗe kamar nasa ne, yana fita sai mai sa idonsa ya goge sunan. Magatakarda ya rufe shirin rasit, suna ya tafi. Waya ta zare, shirin sikeli ya sake tashi, ya gina sabon rumbu. Allo kuwa yana riƙe da tsohon, wanda ba mai rubutu a cikinsa. Ba kuskure ko ɗaya da ya bayyana. Sai a Python 3.13 aka ƙara track=False don baƙo ya daina wannan. An sake auna buhunan uku a gaban dattijon, na ba shi haƙuri da bakina.

Mataki na shida: bugun zuciya

Daga ranar, maigida yana sabunta filin lokaci sau goma a daƙiƙa ko nauyi bai canza ba. Baƙon da ya ga daƙiƙa 2 sun wuce shiru, ya share lambar daga allo, ya rubuta "a dakata", ya saki rumbun, ya sake nema da suna. Wannan ya warware maƙirgar da ta maƙale a mara, ya warware tsohon rumbun Linux, kuma a Windows sakin ne ke ba maigida damar gina sabo. Allo babu lamba ya fi allo mai lambar ƙarya. Yi amfani da agogon da ba ya komawa baya, CLOCK_MONOTONIC ko GetTickCount64, ba agogon bango da kowa ke iya gyarawa ba.

Kuma mu da muka san yadda kuran ke ɗaukewa da zafin Afrilu, kada mu manta rumbun nan a RAM yake. Wuta ta tafi, ya tafi. Rasit da bashin manoma su sauka a faifai, cikin SQLite ko makamancinsa, kafin a buga takarda.

Gwaji na ƙarshe kafin ka kai wa mai aiki, yi shi a kowace uwar manhaja dabam. Kunna baƙo kafin maigida. Kashe maigida yana tsakiyar rubutu, da kill -9 a Linux da Mac, da taskkill /F a Windows, ka tashe shi, ka ƙirga daƙiƙa nawa allo ya ɗauka kafin ya dawo. Rufe shirin Python ka duba ko sikeli1 na nan a /dev/shm. Haɗa tsohon baƙo da sabon maigida ka tabbatar ya ƙi shiga. Sannan ka sa marubuci ya cika gurbin hoto da lamba iri ɗaya tun daga farko har ƙarshe, yana canza ta kowane zagaye, mai karatu yana duba ko ya taɓa karɓar gurbi mai lamba biyu. Wannan na ƙarshen a kan Raspberry Pi nake barinsa ya kwana, da asuba in duba.